Yatsun Baba Uku, Nawa Biyar

Wari na fara ji. Mun baro Tsibiri za mu Talata Mafara a tsohuwar babbar motar Baba, yayana Bashiru na tuƙi, buhunan gero a baya, sai warin ɗanyen gas ya taso ta ƙarƙashin ƙafafuna. Kafin in buɗe baki inji ya fara ɗingishi, motar na jijjiga tana ja da ƙyar. Yau mako uku ke nan, amma ko a bakin titi na ji warin gas sai ranar nan ta dawo mini.

A wannan watan mahaifina ya cika shekara shida da rasuwa. Tun bara nake son in rubuta wani abu a kansa, sai in rasa abin faɗa ban da cewa mutumin kirki ne, kuma kowa haka yake cewa game da nasa. Bana ina da abin faɗa, ko da yake da hagu nake danna waya, domin na dama yana naɗe har yanzu.

Mutanen tasha, da manoman Bakura da ya yi shekaru yana kwasar musu shinkafa, ba su cika kiran sunansa ba. Mai Yatsa Uku suke cewa. Manuni da yatsan tsakiya na hannunsa na dama babu su, tun kafin a haife ni. Ba ya ɓoye hannun, ba ya kuma ɓoye labarin. Wata rana ce bututun gas ya tsage masa a hanya. Waɗannan su ne siraran bututan ƙarfe guda shida da ke ɗauko gas daga famfo su kai wa nozul, bakunan da ke fesa shi cikin inji, kowane da nasa. Tsagar ba ta ganuwa da ido, sai ya yi abin da kowane direba ke yi: ya bar inji na aiki, ya bi bututun da yatsa yana laluben inda ke yoyo. Ya ji ɗan tsini kamar cizon tururuwa. Ba jini, ba rauni. Ya zuba wa wurin man birki kamar yadda 'yan gareji ke yi, ya ci gaba da tuƙi. Sai rana ta uku, da hannun ya kumbura ya yi baƙi, aka kai shi asibiti. Gas ya riga ya cinye naman ta ciki.

Tun daga nan ya zama wani irin mutum a kan bututan nan. Akwai 'yan maɗauran ƙarfe masu roba a ciki da ke riƙe su kada su riƙa kaɗawa in inji na aiki. Makanikai da yawa in sun kwance ba sa mayarwa, wai ɓata lokaci ne. Baba kuwa sai ya tsaya a kan mutum har ya mayar da na ƙarshe. Na sha jin suna masa tsiya in na kai masa abinci gareji.

"Mai Yatsa Uku, mota ce ko amarya kake wa ado?"

Sai ya ɗaga hannun ya ce, "Ku da ke da goma ku yi ta gaggawa. Ni takwas suka rage mini."

Ni kuma abin da ya koya mini, a matsayin wasa na ɗauke shi. Muna zaune a tsakar gida sai ya ce, "Nafisa ɗiyata, da mi ake neman yoyo?" In ce da kwali. "In ya soke ki fa?" In ce asibiti, a sa'ar nan. "Mi za ki ce wa likita?" In rera kamar karatun allo: gas ne ya shiga ƙarƙashin fata da ƙarfin inji. Inna takan yi dariya ta ce ɗiya mace ina ita ina inji, ya koya wa Bashiru. Ya ce Bashiru na sauraro da kunne ɗaya, ni ce mai riƙewa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga hanyoyinmu na yau. A zamaninsa in mota ta ba da matsala, gindin itace yake samu ya tsaya, ya yi alwala, ya bar inji ya huce, har makiyaya su zo su sayar masa da nono. Yanzu ba mai son tsayawa tsakanin gari da gari, ko da rana tsaka, kuma duk mai karanta wannan daga wajenmu ya san dalili. Ban ce zai ga laifin Bashiru ba don yana gaggawa. Amma na san zai tambayi maɗauran. Bara da aka canza nozul, bakaniken ya zuba su a gwangwanin madara ya ce a dawo a mayar, gwangwanin ya shiga ƙarƙashin kujera, ba a koma ba. Shekara guda bututan na kaɗawa, har ɗaya ya gaji.

Ranar nan Bashiru ya gangara gefen hanya, ya bar inji na aiki ya buɗe murfinsa, idonsa rabi a kan inji rabi a kan daji. Mu biyu ne kawai, ni ma ɗin daga gidan gwaggona na biyo shi. Na ga ya miƙa hannu, na daka masa tsawa irin wadda ban taɓa yi wa yayana ba. Na yago kwalin sukari daga cikin kayana, na hau kan taya, na bi bututan da shi ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu, kusa da noti, kwalin ya jiƙe nan take. Murna ta kama ni. Na ce, "Yaya, ga shi nan!" Na nuna da yatsa.

Ni da na haddace. Ni da na hana shi. Na nuna da yatsa.

Cizon tururuwa, daidai yadda Baba ya faɗa. Na duba kan manunina na dama, ɗan ɗigo fari, ko jini babu. Na sauko na zauna a ƙasa, ina kallon hannun da nake ɗinki da shi, ina ganin na Baba.

Bashiru ya kashe inji ya duba. Ya ce, "Ke Nafisa, wanga ɗan abu? Ko ƙaya ta fi shi. Bari in ɗauko man birki."

Na ɓoye hannun a bayana na ce, "Yaya, don Allah gyara motar ka kai ni asibiti. Ba gida ba. Asibiti."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya ɗaga kujera. Can ƙasa akwai ƙunshin buhu da ba wanda ya taɓa tun rasuwar Baba: bututai shida, kowane an toshe bakinsa biyu da leda don ƙura, kowane da zare a ɗaure. Baba bai yi boko ba, da ƙulli yake lamba. Bashiru ya laluba ya zaro mai ƙulli huɗu. Ya kwance tsagaggen, ya goge gas ɗin da ya fantsama kusa da salansar hayaƙi, ya ɗora sabon. Bai lanƙwasa shi ba, ya zauna daidai kamar jiya aka cire. Ya fara murɗa noti da hannu har ya kama, sannan ya sa sifana. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, sai na gane maganar Baba yake maimaitawa: hannu tukuna, ƙarfe daga baya. Ashe kunne ɗayan ma ya riƙe wani abu. Ya bar notin wajen nozul a sake, ya juya inji har iska ta fita gas ya ɓullo, ya ɗaure. Ya jawo gwangwanin madara ya sa maɗauri biyu a kan sabon bututun. Ya ce saura sai mun isa.

Kafin mu shiga gari yatsan ya fara zugi, ya yi tauri kamar kara. A asibiti, matar da ke karɓar marasa lafiya ta juya hannuna tana neman raunin. Na san yadda nake a idonta: budurwa tana kuka a kan ɗigon da ba a gani. Sai na rufe ido na rera karatun tsakar gida. Gas ne ya shiga ƙarƙashin fata da ƙarfin inji. Ta sake hannuna ta tafi da sauri. Likita ya zo, tambaya ɗaya ya yi: tun yaushe? Bashiru ya ce ba a yi awa biyu ba. A ranar suka tsaga yatsan daga sama har gindi suka wanke. Da na dawo hayyacina likitan bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce sai an ga ko naman zai rayu, mu ba shi kwana uku.

Kwana ukun nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Inna na zaune a gefen gado da carbi, lokaci-lokaci sai ta sunkuyo kamar tana gyara mini mayafi. Daga baya na gane sansanar bandejin take yi. Ita ta yi jinyar hannun Baba, ta san warin da take tsoro. Ni kuma ina ta gwada riƙe allura a raina da yatsu huɗu, da uku.

A nan na yi tunanin abin da ya bar mana. Da aka raba gado an yi maganar mota da gona da gida. Ba wanda ya ambaci ƙunshin buhu a ƙarƙashin kujera, ko 'yar jimlar da ya dasa a bakin yarinya 'yar shekara tara. Mutum ne da abu ya same shi sau ɗaya, ya ƙi yarda ya sake samun kowa nasa, ya jure dariyar gareji shekara da shekaru saboda haka. Bai iya hana ni kuskure ba, na yi shi duk da na sani. Amma ya shirya mini abin da zan yi bayan kuskuren, kuma na gode masa. Allah ya jiƙansa, ya sa hannun nan ya cika a inda yake.

Ranar Alhamis Bashiru ya shigo yana warin gas, ya ajiye gwangwanin madara a kan akwatin gefen gado. Na girgiza shi da hagu. Babu komai a ciki. Ya ce, "Duka shida, na ɗaure su." Bai dube ni ba.

Ana kiran sallar la'asar likita ya zo ya warware bandejin. Na kawar da kai. Na ji ya danna kan yatsan ya sake.

"Kina ji?"

"Ina ji."

"Motsa shi."

Na motsa. Da zafi, amma ya motsa. Ya ce in duba da kaina, na duba: inda ya danna ya yi fari, sannan jini ya dawo ya yi ja. Ya ce, "To, Malama Nafisa, yatsa naki ne. Da kin kwana da shi gida, da wata magana muke yi. Wa ya gaya miki ki taho da wuri haka?"

Inna ce ta ajiye carbi ta amsa masa.

"Ubanta," ta ce.