Abuya da Barden Rum

Ina shagon ɗinki a unguwar Bagdadiyya ta Jidda bayan Azahar wayar Ammu Sale, maƙwabcinmu, ta shigo. "Hadiza, Abuyanki ya faɗi a kasuwar Balad yana sauke kaya. Halas, ya cika, sai haƙuri." Ya fashe da kuka. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko a cikin wannan gigita sai da kukan nan ya tsaya mini a rai, domin Ammu Sale ya yi shekaru bai amsa sallamar mahaifina ba.

Malam Idrisu sunansa. A Jidda aka haife shi, jikan alhazan da suka zo suka zauna, kuma da ƙaramar motar ɗaukar kaya ya ciyar da mu. Ba mai yawan magana ba ne, sai in ya zauna ba mu labarin Barde Dumyanu, wani jarumin Rum da shi ya ƙirƙiro abinsa. Barden nan ba ya zare takobi da fushi. Ya taɓa kayar da abokin gaba, ya ga tsoho ne, ya ɗaga shi ya ba shi ruwa. Abuya yakan ce, "Ƙarfi kowa na iya samu, Hadiza. Riƙe hannu ne sai wanda ya girma."

Wata shekara aka yi kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a lungunmu na Sharafiyya. Washegari wani ya ga motar Abuya a ƙofar wurin da ake tsare su. Kafin Juma'a magana ta gama unguwa, wai shi ya nuna gidajen. Aka daina ba shi kaya. In ya shiga masallaci, na kusa da shi ya matsa. Ummi ta roƙe shi da hawaye ya faɗi abin da ya kai shi, ya ce, "Aiki." Bai ƙara ba, bai kuma daina gaida kowa ba.

A lokacin ne labarin Barde ya sauya. Sojoji suka zarge shi da sayar da su, saboda kullum da safe yana fita ƙofar birni shi kaɗai. Suka karɓe garkuwarsa, bai ce uffan ba. Na ce, "Abuya, me ya hana shi wanke kansa?" Ya dube ni ya ce, "In ya wanke kansa, asirin wa zai tonu?" Bai taɓa ƙarasa mana labarin ba.

A zaman ta'aziyya wata mata mai suna Rabi, wadda aka mayar da mijinta ƙasarsu a kamen nan, ta riƙe hannun Ummi a gaban mata. Ta ce Abuya ne ya ɓoye ta da 'ya'yanta a ɗakin ajiyar kayansa a Balad har ta samu kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya mata, kuma tufafi da magani ya kai wa mijinta ranar da aka ga motarsa. Na ce, "Khala, yana raye me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Ya benti, 'yata, shi ya rantsar da ni." Wataƙila haka ne. Amma ta samu iƙamarta tuntuni, kuma tana ji ana zaginsa a kasuwa.

Yanzu kowa a Sharafiyya cewa yake dama shi bai taɓa yarda da zancen ba. Ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina bakin wa ya fara fitowa, wa kuma ya nuna gidajen da gaske. Akwai wanda zuciyata take nuna mini. Ba ni da shaida, kuma na ga abin da zargi ya yi wa gidanmu, don haka ba zan kama suna ba.

Allah Ya jiƙan Malam Idrisu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa asirin da ya rufa ya zama sutura gare shi ranar hisabi. Allah Ya ba Ummi juriya, Ya raya ƙannena a kan halinsa. Waɗanda suka ɓata sunansa kuwa, shi ya yafe musu tun yana raye. Ni Allah Ya ba ni ikon yafewa, domin har yau ban kai shi girma ba. Amin.