Baba Kusurwa da Taurarin Allura

Idan ka miƙa masa hoto, ba ruwansa da fuskar da ke tsakiya. Gefe idonsa yake zarcewa, ya bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗa maka ko gilashin kamarar da ta ɗauka lafiyayye ne. Hoton aurensa ma bai tsira ba. Shi ya sa duk layin masu shaguna ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Kusurwa.

Da gyaran agogo ya fara, ya koma tabarau, daga nan kamara ta kama shi, shekara arba'in da ɗoriya ba ta sake shi ba. Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarshen wani dogon baranda: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalayen ashana cike da ƙananan sukurori. Taurin kai gare shi, kuma yawanci shi ke da gaskiya, abin da ke ƙara ba mutane haushi kenan.

A bana hannunsa ya fara rawa. Ido garau, ƙwaƙwalwa garau, amma sukudireba sai ta riƙa kaɗawa a yatsunsa. Ranar da ya karce gilashin wani mai hoto, babbar 'yarsa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ya isa haka. Ka rufe shagon nan ka huta."

"Wa ya ce miki na gaji?"

"Hannunka."

Maganar ta yi masa ciwo matuƙa. Cikin fushi ya ce aikin da zai shigo gaba, in ya gagare shi, da kansa zai miƙa mata mabuɗi. Tana fita ya fara addu'ar Allah ya kawo mai sauƙi.

Sai ga wata malamar jinya, wadda ranakun hutunta take fita bayan gari ɗaukar hoton taurari. Gilashin kamararta irin mai faɗin ganin nan ne, mai kwaso rabin sama a hoto ɗaya, bakinsa a wangale don ya sha haske. Ta nuna masa hoto. A tsakiya taurari ɗigo-ɗigo, a kusurwa uku sun yi 'yan fukafukai, a ta huɗu kuwa, sama ta hagu, sun ja jela kamar an goge tawada da hannu.

"Masu sayarwa sun ce haka irinsa yake, wai in tsuke bakinsa," in ji ta. "To Baba, in na tsuke, ina hasken?"

"Fukafukan nan uku da su aka haife shi, 'yata, ba mai raba shi da su. Jelar nan kuwa rauni ce. Ya taɓa faɗuwa."

"Sau ɗaya ne fa, kuma kan yashi."

"Kowa kan yashi nasa yake faɗuwa."

Shi ba ya jiran dare don gwaji. Taurarinsa yake yi da rana tsaka: ya huda baƙin kwali da allura, ya sa fitila a baya, ya kai can ƙarshen baranda, ya toshe taga da bargo. Sharaɗin kawai hujin ya zama ƙarami, zagayayye. Kwali shida ya ɓata. Duk wanda ya huda sai ya fito a yage, tamkar ɓera ya ci. Ya zauna cikin duhu, tsoro ya kama shi sosai, don ko gwajin bai fara ba.

A haka matarsa ta same shi da ta kawo abincin rana. Tela ce, kuma tun aurensu ya kafa dokar kada ta taɓa masa tebur. Ta kalli kwalayen, ta kalle shi, ta zare allura daga bakin mayafinta.

"Malam, guda nawa kake so?"

Ya yi kamar bai ji ba. Can ya ce, "Biyar. Kada ki tura ta duka, tsinin kawai."

Taurari biyar suka fito tsaf. Ya riƙa juya kamarar har suka faɗa kowace kusurwa, ya kifa ta ya sake. Jelar ba ta bar gefenta ba. Gindin gilashin ne ya karkace, da abin da bai kai kaurin gashi ba. Maganinsa a sa masa ɗan matashi a ƙarƙashin zoben da ke kama kamara, da farar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi.

Ya miƙa mata hantsaki da sukudireba, abin da ko a mafarki bai taɓa yi ba. Shi yana gani yana faɗa, ita tana yanka tana sawa. Falle ɗaya ya yi kaɗan. Uku suka mayar da jelar dama. Kwana biyu suna faɗa.

"Kin ɗaure sukurun da yawa."

"To karɓi ka ɗaura."

Bai karɓa ba. A gwaji na tara, falle biyu a gefe ɗaya, ɗaya a maƙwabcinsa, jelar ta ɓace. Ya duba, ya goge ido ya sake dubawa, sannan ya yi dariyar da ta sa mai shagon gaba ya leƙo ya ji ko lafiya.

Bayan mako guda malamar jinya ta dawo da hoto babba, ta tarar da 'yar Baba Kusurwa ta zo jin hukunci. Aka shimfiɗa shi a tebur. Taurari cike da sama, kusurwa huɗu duk daidai, ba wadda ta fi wata. Malamar ta ce wasu abokanta uku na nan tafe da nasu.

'Yar ta daɗe tana kallo, farin ciki da jin kunya duk a fuskarta. "Amma Baba, ai hannun Mama ne."

Kafin ya buɗe baki uwar ta riga shi. "Hannuna ne, idonsa ne. Ni ko shekara zan yi ban san inda za a sa takardar ba. Ki bar masa mabuɗinsa. In taimako kike so ki yi, bencin nan yana kashe mini baya."

Washegari da sassafe ya iso buɗe shago, ya tarar da 'yarsa a bakin baranda, riƙe da sabuwar kujera mai majingina.

"A ina za a ajiye, Baba?"

Ya janye tasa gefe, ya nuna mata wajen da ya fi kusa da fitila.