Zaren Likkafanin Inna Kulu

Da ranin shekarar da leburori suka iso Tsafe suna shimfiɗa hanyar jirgin Gusau, wata Laraba da hantsi, na taso daga makarantar allo na tarar da kakata, Inna Kulu, tana kaɗi a inuwar rumbu. Ta miƙe ƙafa, sutun auduga a hannun hagu, mazari yana juyi cikin taskira yana ƙugi kamar zanzaro. Shekaruna kada ku tambaya, bokon da na taɓa daga baya bai kai wurin lissafi ba, amma taɓarya ta fi ni tsawo. Na tambaye ta rigar wa za a saƙa, ina sa rai tawa ce, tunda kullum angonta take kirana. Ta dangwali alli ta murza mazari, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wanga na likkafanina na, angona. Rad da ya cika, sai tahiya. Ka fara neman wata tun yanzu."

Ita wasan jika take yi, don a lokacin tsofaffi da hannunsu suke tanadin likkafani. Ni kuwa na ɗauka da gaske take. Ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba. Na daina langa, na daina bin yara ɗibar kara, in an tura ni kiwon awaki sai in ɗaure su bayan gida in dawo in leƙa ƙwaryar da take tara zare a ragaya. Kullum sai na ga ya ƙaru. Ƙugin mazarin da yake sa ni barci a da ya koma yana tayar mani da tsigar jiki. Na shiga yaƙi da zare iyakar ƙarfina: in kai mata kaina ta duba ƙwarƙwata, in kwanta a cinyarta da ciwon cikin da ni ma ban san inda yake ba, in kirawo mata ƙawarta mai surutu. Duk a banza, don matar nan tana hira tana kaɗi, tana faɗa tana kaɗi, har gyangyaɗi take yi mazari bai tsaya ba.

Kafin ruwa ya sauka zare ya cika, babana ya kai wa wani masaƙi a Kuceri. Ranar da zugun saƙar ya dawo, fari fat a naɗe, mata suna ta yaba laushinsa, ni kuwa na laɓe bayan turmi. Bayan azahar ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, ta ja mayafi har fuska. Na tsuguna a bakin ƙofa ina kallon ƙirjinta. Yana ɗagawa, yana sauka, yana ɗagawa, can sai na ga kamar ya tsaya. Na kurma salatin da ko ladan bai taɓa irinsa ba. Mata suka watsar da daka suka fasa kuka, babana ya faɗo gida babu hula, maƙwabta suka cika zaure. Sai ga gawa ta yaye mayafi ta tashi zaune tana harara. "Kai, miji na kai ko mai jiran gado?" Kowa ya yi dariya ban da ni, don a lissafina kwana kawai ta ƙara.

Na ci gaba da gadinta ina ramewa, har ranar da zazzaɓi ya kashe wani leburan jirgi, baƙo, ba wanda ya san ko sunan garinsu. Liman ya aiko ana cigiyar abin suturta shi. Inna Kulu ta ɗauko zugunta ta ɗora mani a ka, ta ce, "Kai masu, ya riga ni buƙata." Allah ya jiƙan bawan nan, ya kuma yafe mani, don da tsalle na isa gidan liman. Washegari ta zauna gurzar sabuwar auduga.

Haka ta riƙa yi, ta kaɗa, a saƙa, wani ya riga ta. Sai da na tara gemu ta tafi, zare rabi a mazari, muka rufe ta da alawayyon kanti. Yau a Gusau mutum yakan shiga kasuwa a yanko masa likkafaninsa kafin shayi ya huce. Nawa yana ƙasan akwati, jikokina sun sani, kuma babu wanda ya fasa cin tuwo a cikinsu. Wani lokaci nakan ja mayafi har fuska da azahar in yi shiru, ina sauraron ko wani zai tsuguna a bakin ƙofa.