Muryata Ta Riga Ni Isa Babura

Ana sallame sallar asuba na hau ɗan acaɓa na bar Kazaure. Aure zan je nema wa Sabi'u, ɗan marigayi yayana, wanda na riƙe tun yana yawo ba wando. Yarinyar 'yar wani Alhaji Mudi ce, dillalin hatsi a Babura, wanda aka ce ba ya ɗaukar wargi. Abu ɗaya ke damuna, muryata.

Ni tela ne, amma Allah ya hore mini maƙogwaro. Shekarun baya abokina Ɗan'azumi, mai sayar da maganin kuɗin cizo, ya roƙe ni in yi masa talla a waya don ya riƙa sakawa a lasifika. Na gyara murya na ce, "Kuɗin cizo, kwananka ya ƙare! In bai yi ba, ka nemo ni!" Maganinsa na gaskiya ne, ya kuwa yi kasuwa. Sai 'yan talla suka shiga tura wa juna muryar, har masu ƙulla toka a leda suka samu. Shi Ɗan'azumi ya koma noman riɗi abinsa, ni aka bari ina ihu a kasuwannin da ban taɓa takawa ba.

Roni

Hantsi bai ɗaga ba na isa wurin Baffa Hadi, ƙanen mahaifinmu. Dabarata ita ce shi zai yi magana a gaban Alhaji, ni in riƙa gyaɗa kai kawai. Muna zaune wajen mai shayi a tasha sai ga wani ya turo baro da lasifika, ina ta rantse wa kuɗin cizo. Baffa ya ja tsaki, ya ce ko wane ne wannan mai ihun, ba a gidan mutunci ya tashi ba. Na ce gaskiya ne, Baffa, na ɓoye fuska a kofi. Mai shayi kuwa yana fasa ƙwai yana bin tallar kalma bayan kalma. A nan na gane talla ba sai ta yi daɗi ba, ta dai ƙi fita daga kunne.

Gwiwa

Mun biya Gwiwa don mu sanar da Gwaggo, mu kuma sayi goro da alawa, da yake ranar kasuwa ce. A layi guda na ji kaina a wuri uku. Na ukun ma sabulu yake sayarwa, bai damu da abin da muryar ke faɗa ba, shi dai ta tara masa mutane. Na tambayi wata dattijuwa me ya sa ta sayi maganin, ina magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Ta ce ai daga ji mai muryar nan mai tsoron Allah ne. Na ji daɗi, wallahi, sannan kunya ta biyo baya, don na ga abin da aka ƙulla mata.

Zafi ya sa Baffa ya sha zoɓo mai ƙanƙara har leda biyu. Muka ci tuwon dawa a gidan Gwaggo muka kwana. Da safe na tashi ina susa tun daga wuya har ƙafa. Gwaggo ta ce abin mamaki ne, don jiya ta barbaɗa maganin mai muryar nan. Na juya in ji ta bakin Baffa, ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Muryarsa ta dishe gaba ɗaya.

Hanyar Babura

Muka dawo ta Kazaure muka shiga bas. A wani shingen bincike jami'i ya tambayi abin da ke cikin ƙunshin, na manta na amsa da cikakkiyar murya cewa goro ne. Ya tsaya yana kallona, ya ce in sake faɗa. Kafin in sake, direba ya buga sitiyari ya ce, "Wallahi shi ne mai kuɗin cizo." Mota ta kaure da dariya, wani ma ya nemi mu ɗauki hoto. Baffa ya zuba mini ido har muka sauka, na gode wa Allah da zoɓon Gwiwa.

Babura

Bayan azahar aka yi mana iso zauren Alhaji Mudi. Baffa ya gaisa da hannu, ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna ni. Na fara bayani cikin raɗa. Alhaji ya ce in ɗaga murya, ba gulma muka zo yi ba. Na ɗaga. Ban kai ƙarshen jimla ba ya tashi ya shiga gida, ya dawo da wani ƙullin leda ya ajiye a gabana.

"Malam, na daɗe ina nemanka," in ji shi.

Ashe saboda alkawarin nan na cikin talla ya saya, ya barbaɗa a ɗakin baƙi, ya sauki abokin cinikinsa daga Nijar, mutumin ya ƙarasa kwana a kan buhunan gero. Na rantse masa ba ni na ƙulla ba. Ya ce bai san wanda ya ƙulla ba, amma ya san wanda ya yi alkawari. Na ga auren Sabi'u yana zubewa saboda tokar wani, na rasa da wane ido zan kalli yaron.

Na shiga jero halayensa, sallarsa, sana'arsa. Alhaji ya ɗaga hannu, ya ce tallata ya riga ya ji ta ishe shi.

"Abu ɗaya nake so. Abin da ka faɗa a kan magani, za ka faɗa a kan yaron?"

Na tuna yayana, na tuna ranar da na goyo Sabi'u daga gidan makoki. Na ce, a hankali wannan karon, "Alhaji, in bai yi ba, ka nemo ni."

Ya jawo ƙunshin goron gabansa. "To, yanzu dai na san gidan. A yi fatiha."

Gida

Mun iso Kazaure da magariba. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Gwaggo da ta sauke mu, da Baffa wanda muryarsa ta dawo daidai tasha, ya kuma biya ni bashin faɗan da ya tara. Sabi'u na tsaye a ƙofar gida yana jiranmu. Na ce an ba shi. Ya durƙusa zai yi godiya, na riƙo kafaɗarsa.

"Don Allah, Sabi'u, ka yi. Mutumin nan ya san gidanmu."