Ranar da Inna Ta Shafa Min Mai

Ina zaune a tsakar gida ina susa kamar zan ɗaye fatar cikina, sai ga sallamar Inna daga Maska.

Ni ce 'yar farinta. Saboda alkunya, tunda na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta taɓa jikina. Ga ciki wata bakwai, sanyin bana ya busar da ni, jiki furu-furu, ƙafa duk faso.

Ta dube ni ta kau da kai. "Ke, da tafasasshen ruwa kike wanka ko? A riƙa sirkawa. Mai kuma tun jiki da danshi ake shafawa."

Ta kwance ƙullin man kaɗanya, ta murza a tafinta ya narke, ta ɗora hannu a cikina.

Na ce, "Inna, yau ni kike shafa wa mai?"

"Wa ya ce ke? Na cikin nake shafa wa."

Nan take ɗan ya motsa a ƙarƙashin tafinta. Ita kuwa ba ta ɗauke hannun ba.

Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan hanya hannun yake nema.

'Yan fari, ku ta ina taku soyayyar ta ɓullo?