Yadda Na Ƙwato Gem Ɗin Japan Daga Bakin Janareta a Jibiya

Ana sallame sallar asuba ranar Lahadi muka bar Kano, ni da wani abokina tela da ya ce zai raka ni don ya ga ƙarshen haukata da idonsa. A kan cinyata akwai jakar buhu, a cikinta akwai tiransifoma mai rage ƙarfin wuta, wadda muke kira sitef-dawun. Nauyinta kamar dutsen niƙa. Kwandasta ya so ya wurga ta cikin but, na ce masa ya fara wurga kansa.

Bari in yi wa sababbi bayani, tsofaffin masu bina su yi haƙuri. Ni tara tsofaffin gem na Japan nake yi, irin na kaset ɗin nan da ake cusawa ta sama, idan ya ƙi a zare a hura masa iska a mayar. Da ina da gidan gem a unguwarmu, da shi na yi aure, da shi na ci abinci, har wayar hannu ta zo ta kwashe min yara. Na rufe shago, amma ban zubar da kaset ko ɗaya ba, ƙari ma nake yi. Aji uku na tsaya a sakandare, Turanci ma da ƙyar, balle rubutun Japan mai kama da sawun kaji. Amma ka nuna min bayan kaset daga nesa in gaya maka wane wasa ne a ciki. Mutane suna cewa wai gemu da furfura ana wasan yara. Wani yana kiwon tantabaru ba a ce komai ba. Wani yana kuka da hawaye saboda an ci ƙungiyar ƙwallon Turawan da ba su san an haife shi ba, shi ma mai hankali ne. Ni kaɗai ne mahaukacin gari. To na ji.

Matsalata ita ce, akwatina cike yake da kaset amma babu na'urar da zan sa su. Wadda nake da ita ƙanin matata ya ƙona, ya zo ba na nan ya jona ta kai tsaye a bango. Wutar Japan ɗari ce, tamu ɗari biyu da wani abu. Ka ba kayansu tamu ba tare da sitef-dawun ba, hayaƙi za ka gani. Shekaru ke nan ina neman wata ta asali, ban samu ba sai jabun da ke mutuwa kafin sati.

Sai ga Lawali, wani ɗan Maraɗi mai sayar da gwanjon kayan wuta a kasuwar Jibiya, ya turo min hoto a waya. An fasa wata kwantena ta kayan Japan, rabon shagonsu ya iso ta Maraɗi, a ciki ga na'urar: mai launin toka, da fad biyu, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, masu maɓallan ja da rawaya da kore da shuɗi, da wayoyinta, har da adaftarta ta asali. Wallahi tsaye na miƙe a wurin mai shayi. Na kira shi na ce ina zuwa ran kasuwa, abu ɗaya nake roƙo, kada a jona ta. Na faɗa na maimaita har ya ce ya ji, ba kurma ba ne.

Hanyar Katsina ta yi mana daɗi. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai tun daga Bichi har Tsanyawa, ga dawa ta sunkuya, ga gyaɗa ana cira. Kuɗin mota kam ya ninka abin da na sani, direba ya ce mu tambayi gidan mai. A Kankiya muka tsaya, muka sha koko da ƙosai mai zafi, kuma in faɗi gaskiya ko da Kanawa za su ji haushi, ƙosansu ya fi namu girma. Abokina yana ta lissafa min abubuwan da zan iya yi da kuɗin tafiyar, har da sayen tunkiya. Na ce masa tunkiya ba ta da mataki na biyu irin na gem.

A Katsina muka sauya mota zuwa wata ƙarama, irin wadda ake zuba mutum huɗu a baya, biyu a gaba, wani kuma ya raba kujera da direba. Muna zaune muna jiran ta cika sai wayata ta yi ƙara. Lawali ne.

“Na Kano, kana ina? Alhaji ya iso hwa. Ya ce ba mu saida kayan kuran sai mun gwada.”

Kuran ita ce wutar lantarki a bakin mutanen Nijar. Alhaji kuma shi ne maigidansa, mai shagon.

“Lawali, me na gaya maka?”

“Awo, ka hwaɗi. Amma Alhaji ya ce wanda duk ya ce kar a gwada kaya, so yake ya karya kuɗinsu. Jannareto ce ba mai, an tahi sayowa. Da ta tashi za mu sa.”

Na fara ihu a cikin mota, sai layi ya yanke. Na sake kira, ba ta shiga. Saura mutum ɗaya mota ta cika, kuma babu alamarsa. Ni da nake rigima da mai kayan miya a kan tattasai ɗaya, na zaro kuɗi na biya kujerar da babu kowa na ce direba ya ja. Abokina ya kalle ni ya ce lallai yau ya ga abin da ya zo gani.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba nisa, amma ranar na ga tsawonta. Ga shingaye, kowane sai an rage gudu an gaisa. Ga amalanken shanu, ga masu babur ɗauke da jarkoki an ɗaure su kamar gidan tururuwa, ga masu kora raguna zuwa kasuwa a tsakiyar titi kamar na ubansu. Wata tsohuwa a gefena tana ta ba ni labarin yadda yanzu kowa ke ƙoƙarin komawa gida da sauran rana saboda halin da ake ciki a dajin yankin. Ina cewa Allah ya kyauta, amma hankalina yana kan wani mutum da ban sani ba, yana tafe da galan ɗin fetur. Addu'a nake yi Allah ya haɗa shi da mai surutu a hanya.

Muna dab da gari muka tarar da manyan motocin hatsi sun toshe hanya, an yi cirko-cirko. Na fita na tare ɗan kabu-kabu, na ce masa layin 'yan gwanjon kayan wuta, kuma idan ya kai ni da rai zan ƙara masa. Na bar abokina a mota yana kiran sunana. Sitef-dawun tana dukan haƙarƙarina, muka kutsa ta tsakanin buhunan gero da masara, muka wuce 'yan canji suna kaɗa sefa da naira, muka wuce masu taliya da dabino, wani mai jaki ya zage mu da zagin da ban taɓa ji ba, na ma so in tsaya in koya.

Tun daga bakin layin na ji janareta ta tashi.

Na hango Lawali, na gane shi da hotonsa na waya, ya durƙusa yana warware waya. Wani dattijo mai farar hula da carbi a wuya yana tsaye, adaftar tana hannunsa, yana neman ramin da ƙafafunta masu faɗi za su shiga a jikin soket. Tsakanina da su akwai tebura da mutane. Janaretar ce kusa da ni. Ban yi shawara da kowa ba, na diro daga babur na fizge babbar wayar daga jikinta.

Ashe janaretar ta layin ce gaba ɗaya. Rediyoyi suka yi shiru, fankoki suka tsaya, mai cajin waya ya yi salati. Wani ƙato ya fito daga shagon aski da rabin kai a aske, mai askin yana bayansa da kilifa a hannu. Kafin in buɗe baki an riƙe min wuyan riga.

“Ku sake shi, baƙona ne!” in ji Lawali. “Shi ne Na Kanon.”

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. “Kai ne mai hana a gwada kaya? Yaro, tun kana tsumma nike sana'ar ga. Ban taɓa saida ma mutum abu a makance ba. In ya yi, ka gani da idonka. In bai yi ba, asarata ce, ba taka ba.”

Wai ni ne yaro, da furfurata. Na haɗiye. Gaskiya kuma maganarsa ta masu amana ce, a Kano sai ka yi rantsuwa kafin a gwada maka kwan fitila. Na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban hana gwaji ba. Da abin gwajin na zo.” Na nuna masa lambar da ke bayan adaftar, na ce wutar Japan rabin tamu ce. Ya ce wuta ai wuta ce, ko a Makka.

Sai ya ƙara da wata magana. Ya ce shi ya san kayan Japan sarai, kyau gare su a ido amma rabinsu matattu suke zuwa, da an sa sai wari. Ya ce in leƙa bayan shago in gani.

Na leƙa. Tuli ne guda: tukwanen dafa shinkafa, rediyoyi, na'urar busar da gashi, duk da rubutun Japan a jiki, duk sababbi fes a ido. A saman tulin, na'urorin gem guda biyu, ɗaya irin tawa, ɗaya kuma wata baƙa da ban taɓa gani ba sai a hoto. Na ɗauka na shinshina. Ƙauri. Lawali ya ce wancan satin aka gwada su. Jama'a, na yi rashin mutane ban ji abin da na ji a wurin nan ba, Allah ya yafe min.

Na mayar da wayar janareta da hannuna, na ba mai rabin kai haƙuri, na jona sitef-dawun, na jona adaftar a jikinta. Aka jawo wata tsohuwar talabijin daga cikin kayan sayarwa. Na zaro kaset ɗaya da na taho da shi a aljihu, na hura, na cusa, na yi bismillah na tura maɓalli.

Fitila ja ta kama. Sai kiɗan nan. Kiɗan da rabona da ji tun ina da shago. Hoton ya fito fari da baƙi don talabijin ɗin ba ta jin yaren Japan, amma ko a jikina. Na ɗauki fad, yatsuna suka tuna komai da kansu, na tsallake rami, na tsallake na biyu. Na ji ana ihu, ashe ni ne. Mutane suka taru, mai askin ya bar aikinsa, ƙaton nan ya ce a ba shi ya taɓa, ya faɗa rami tun a taku na farko, layi ya kwashe da dariya. A nan abokina ya iske ni, ya ce tun daga bakin kasuwa ake cewa wani Bakano ya haukace a layin gwanjo, bai ma tambayi hanya ba.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya shiga shago ya fito da wata tukunyar shinkafa da ba a riga an gwada ba, ya ce in sa ta a abin nawa. Na sa, ta kama lafiya lau. Ya juya ya daɗe yana kallon tulin bayan shago, yana jan carbi.

“Lawali,” ya ce, “ashe mu munka kashe su.”

Da aka zo ciniki ya ce ba zai sayar min ba sai na bar masa sitef-dawun. Na ce Alhaji, in na bar ta da me zan kunna a gida? Ya ce Kano ba a rasa ta, Jibiya kuwa yau ya fara ganinta, kuma akwai sauran kaya a hanya. Na tuna gem nawa ne za su bi ta shagon nan nan gaba, na tuna baƙar nan mai ƙauri. Na miƙa masa. Ya rage min kuɗi sosai, ya ce duk gem ɗin da ya shigo ba mai taɓa shi sai an kira ni, ya kuma ce in kwashi matattun biyu kyauta, ganinsu yana ɓata masa rai. Ya sa aka kawo mana fura da nono mai kauri da kilishin Maraɗi, muka ci a kan benci. Bayan azahar muka juyo, don mu ma ba mu son yamma ta same mu a hanyar.

Mun shigo Kano ana kiran isha'i, na'ura a ƙirjina tun daga Jibiya ban ajiye ba. Abin da tafiyar nan ta koya min, ba mugu kaɗai ke yi maka ɓarna ba. Alhaji mutumin kirki ne, gaskiyarsa ce ta cika bayan shagonsa da gawarwaki, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa saboda masu sani ba sa zuwa layin gwanjo. Na biyu, in abinka yana hannun wani, kada ka aika saƙo, ka je da ƙafarka.

Maiɗakina ta buɗe jaka ta ga na'ura uku, ta tambaya duka suna yi? Na ce ɗaya ce mai rai, ita ma ba za a kunna ba sai na sayo wata tiransifomar. Ta ce wato na je har bakin iyaka na ba da mai aiki na karɓo marasa aiki. Na ce haka ne. Na saka mai ran a akwati na datse da kwaɗo, na jera matattun a kan tabarma, na ɗauko sukundireba. Baƙar nan ban yarda ta mutu duka ba.