Ɗakin Ƙarshen Baranda

Ɗalibai suna kiranta Malama Ba-Gudu a bayan idonta. Da ta ji, cewa ta yi sunan ya yi mata, su riƙa faɗa a gabanta.

Kimiyyar sinadarai take koyarwa a wata ƙaramar jami'a, kuma da can ba ta da burin da ya wuce ta gama aji ta koma gida. Sai ta haifi autarta. Likita ya ce jikin yarinyar ba ya iya sarrafa ɗaya daga cikin sinadaran da ake kira amino asid, waɗanda ke cikin nama da ƙwai da madara. In ya taru a jini, ƙwaƙwalwa yake ci. Dole a auna mata abinci, a riƙa gwada jininta. Jinin kuwa sai an tura shi wani gari mai nisa, kafin sakamako ya dawo aikin gama ya gama.

Surukarta ta ce, "Ki bar wa Allah, 'yar nan."

"Na bar masa, Inna. Amma shi ya ba ni kai, bai ce in ajiye ba."

Malama ta karɓi wani ɗaki a saman benen sashensu, can ƙarshen baranda, mai famfo ɗaya da tagar da ba ta rufuwa. Roba take haɗawa a kewayen sinadarin, ta bari ta daskare, ta niƙe, ta wanke sinadarin ya fita ya bar gurbinsa, kamar sawun ƙafa a siminti. In gurbin ya yi kyau, zai kama sinadarin shi kaɗai a ɗigon jini, uwa ta yi gwaji a gida. Sai dai sinadarin tagwaye ne, na hagu da na dama, kamar tafin hannu biyu, kuma na hagu ne a jikin mutum. Gurbin da bai raba tagwayen nan ba, ba abin yarda ba ne.

Shekara da shekaru robarta tana rungumar duka biyun. "Wannan roba ba ta da kunya, kowa nata ne," in ji ta. Warin sinadari ya kama kayanta har mijinta yana cewa shi mace ya aura aka kawo masa galan ɗin fenti.

Wata rana shugaban sashe ya leƙo.

"Malama, waɗanda suka fi mu kayan aiki ma sun sha wuya a kan abin nan. Za mu zuba karyayyun kujeru a ɗakin."

"Ranka ya daɗe, kujerun suna da 'ya mara lafiya?"

Washegari ta tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin. Ba ta taɓa shi ba. Gida ta koma ta ɗauko sukundireba, ta kwance ƙofar ɗungurungum, ta jingine ta a bakin ofishinsa da kwaɗonta a jiki.

"Ga ƙofarka. Ɗakin nake so."

An hana ta ƙarin girma, ƙannen bayanta suka wuce ta. Ta rataya labule ta ci gaba.

Daga baya robar ta yi hankali: ta riƙe na hagu, ta saki na dama. Malama ta yi guɗa har masinja ya rugo da abin kashe gobara. Amma da ta gwada a jini, ƙazantar jinin ta toshe gurbin. Gwajin gida bai samu ba har yau.

Auta dai ta girma a kan abincin awo, ta gama sakandare, ga baki kamar reza. Malama ta yi furfura, gwiwa tana ciwo, kullum sai ta hau benen nan.

Ran nan Auta ta tare ta a bakin ƙofa, ta riƙe mata jaka.

"Umma, ni fa na girma. Ki huta mana."

"Ke kaɗai aka haifa da ciwon? Sakar min jaka, na bar roba a wuta."